Titin Unguwarmu: Ina Ruwa Zai Bi, Wa Kuma Zai Biya?

 

Sharhinmu na yau a kan titin cikin unguwa yake. Mu ajiye maganar titin Zariya da titin Katsina, mu ajiye gadojin Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro da ake sa hotonsu a kalanda. Layin da ya bi ta ƙofar gidanka nake nufi, wanda yaranka suke bi zuwa makaranta, wanda ake fita da mai naƙuda ta cikinsa da tsakar dare, wanda ake bi da makara.

Mutumin Kurna da Bachirawa da Rijiyar Lemo, da na Dorayi da Sheka da Gaida, da na Rimin Kebe da Tudun Murtala, duk ba sai an ba su labarin watan Agusta ba. Mai adaidaita sahu ya kawo mace bakin titi ya ja birki, ya ce, "Hajiya, nan zan tsaya, ba na shiga ciki." Ta sauko da yaro a goye, ta tattare zani da hannu ɗaya, takalma a ɗaya hannun, tana bin gindin katanga tana taka bulullukan da wani bawan Allah ya jejjera. Ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka, don kura ba ta turuwa a cikin taɓo. Mai shago ya gina ɗan tudu a ƙofarsa, maƙwabcinsa ya ga ruwa ya juyo kansa, shi ma ya sayo tifa guda ta baraguzai ya zuba. Kafin damina ta fita, kowa ya ɗaga gabansa, ruwan ya taru a gidan da ya fi kowa rauni, wanda sau da yawa gidan ƙasa ne na marayu ko na wata gyatuma.

Daga nan sai a taru a ƙofar gidan mai unguwa, a rubuta takarda, a kafa 'yan tawaga zuwa sakatariya ko gidan rediyo. Roƙon kuwa kusan kullum ɗaya ne: a zo a zuba mana kwalta. Ina ganin a nan muke fara kuskure. Kwalta ita ce ta ƙarshe a aikin titi. Kafin a zo kanta akwai tambayoyin da in ba a amsa su ba, ko an zuba ta, damina biyu ba za ta gani ba. Ta farko a cikinsu: ruwan layin nan, ina zai tafi?

Magabatanmu sun san amsar wannan tambaya a cikin birni. Ƙasar da suka yi tubali da ita a nan kusa suka haƙe ta, ramukan suka zama kududdufai, kududdufan suka riƙa karɓar ruwan sama na unguwanni, abin da ya tumbatsa ya gangara rafin Jakara. Mu muka zo muka cike su da shara, aka yanka filaye aka yi gini a kai. A bayan ganuwa kuma, gonaki aka yi ta yankawa da awon igiya. Mai gona yana son ya fitar da fuloti ɗaya ƙari, sai ya matse layi, ba a bar wa magudana ko taku guda ba. An taɓa yi wa Kano babban tsari na shekara ashirin, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Tuni gari ya wuce inda tsarin nan ya hango, ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Gidaje suna riga hukumar tsara birane ta KNUPDA isa wuri. Shi kuwa ruwa bai san an sayar da hanyarsa ba. Inda ya saba bi, nan yake dawowa.

Ku dubi yadda titi yake mutuwa, ku da kuke zaune a bakinsa. Wani gida ya fito da bututun kwatarsa ya saki a gefen kwalta. Ruwan wanke-wanke da na wanka yana kwance a wurin safe da yamma, rani da damina. Yana tsatsafawa ƙarƙashi, jar ƙasar da aka daddanne ta yi laushi. Wata rana tifar yashi ta taka gefen, kwalta ta ɗan nutse, ta tsage kamar fatar kada. Ruwan sama ya shiga tsagar, taya ta bi ta kai ta ɓanɓare ɓallin farko. Ramin da faranti zai rufe a watan Yuni, a watan Satumba akuya za ta kwanta a ciki. Ga mai gyaran janareta yana zubar da baƙin mai a kai, alhali mai da gas suna narkar da kwalta. Ga wanda ya jawo ruwan famfo ya sa diga ya tsaga titi daga wannan gefe zuwa wancan, ya mayar da ƙasa kawai ya tafi.

Maganar tifa kuma ba ƙaramar magana ba ce. Gwajin tituna da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Saboda haka babbar mota ɗaya maƙare da siminti ta fi dubban babura cin titi. Layin da ke da gidan bulo ko gidan ruwan leda a ciki, dole a yi masa ƙira dabam, kuma dole mai gidan bulon ya san cewa kasonsa a kuɗin aiki ba zai zama daidai da na malamin makaranta ba.

To, yaya ake tsara aikin? Da injiniya ake farawa, da na'urar awon tudu da gangare. Shi zai gano inda ruwan zai fita, ko babbar magudana ce, ko rafi, ko kududdufin da ya rage. Daga mafitar nan ake faro ginin lambatu a hauro sama. In aka faro daga sama aka gangara, kuɗi ya ƙare a tsakiya, to an tattaro ruwan layi guda an juye wa mutanen ƙasa, an kuma haɗa unguwa biyu faɗa. Mun ga lambatu masu kyau, an yi musu siminti da rodi, amma ƙarshensu a jikin katangar wani ya tsaya. Irin wannan gidan sauro ne aka gina da kuɗin jama'a. Don haka sau da yawa layi ɗaya ba ya iya warware matsalarsa shi kaɗai. Sai layuka uku ko huɗu da ruwansu yake haɗuwa sun zauna wuri guda, ko da mazaɓarsu ba ɗaya ba ce, ko da iyakar ƙaramar hukuma ta ratsa tsakaninsu.

Bayan lambatu sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A kira hukumar ruwa ta zo ta duba bututunta, a kira kamfanin wutar lantarki na KEDCO in akwai turken da ya tsaya a tsakiyar hanya, a sanar da kamfanonin waya masu binne igiyoyinsu. Kowane gida ya haɗa kwatarsa da lambatu tun yanzu. A bar bututun ko-ta-kwana a ƙarƙashin titi nan da can, domin mai son jawo ruwa gobe ya zura nasa ba tare da ya fasa komai ba. Sannan a zuba jar ƙasa hawa-hawa, ana yayyafa ruwa, rola tana dannewa, a kawo tsakuwa, a ba titin ɗan doro a tsakiya, kamar santimita biyu zuwa uku a kowace mita, yadda ruwa ba zai kwana a kai ba.

Akwai wurin da zumunci yake tsinkewa, kuma gara a faɗe shi a fili. Faɗin layi. Wannan ya fito da dakali, wancan ya ƙara shago, wani ya haƙa ramin masai a waje, wani ya yi rumfar mota. Ranar da gireda ta iso, sai a fara "ba a isa a taɓa mini ba", ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya tafi, kuɗin hayar injin yana hawa. Wannan magana a zauren mai unguwa ya kamata a gama ta, da liman, da dagaci in ta kama, wata biyu kafin a kawo inji. Wanda ya ci hanya ya janye, ba shi da diyya. Wanda kuwa za a shiga cikin halaliyarsa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta kuma wajabta biyan diyyar ginin da ke kai. A sa kuɗin diyyar a cikin lissafin aiki tun farko. Ma'aunin faɗin kuwa mai sauƙi ne: motar kashe gobara ta iya shiga.

Ba kowane layi ne yake buƙatar kwalta ba. Lungun cikin birni da ƙananan layuka, bulon interlok ya fi musu. Mun ga an shimfiɗa shi a lunguna da dama a Kano, waɗanda aka yi da kyau har yau suna nan. A Yamai da Maraɗi da Damagaram ma an daɗe ana shimfiɗa irinsa, can suna ce masa pabe. Ƙasar Habasha ta yi amfani da sassaƙaƙƙen dutse ta gyara layukan birane irin su Adama da Dire Dawa, matasa masu yawan gaske suka sami abin yi. Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Kwalta daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala, ga shi sai da manyan injuna. Interlok kuwa a nan ake buga shi, yaranmu ne za su jera shi, in bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar. Amma shi ma yana da sharaɗi. Inda mota za ta bi, a sa mai kaurin santimita 8, a daddanne ƙasa, a ɗaure gefe da siminti. In aka sa mai santimita 6 da aka buga da ƙarancin siminti, shekara guda zai koma gari.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda magana ta fi zafi.

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da ginawa da kula da tituna da layuka da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, da sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba. Ke nan titin unguwarka yana da mai shi a doka. A rabon kuɗin asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Kano tana da 44 daga cikinsu. Shekara da shekaru wannan kaso yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada. In ka je wa ciyaman da kuka, ya ce maka kuɗi suna sama. In ka je sama, a ce maka aikin ƙaramar hukuma ne. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ko an aiwatar ma, kada mu yaudari kanmu: albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho yana cinye kaso mai tsoka kafin a zo kan titi. Amma abin da ya rage bayan nan, haƙƙinmu ne mu san nawa ne, mu kuma san a ina aka sa shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru a lissafin naira. Sai dai tsada ma ta bi shi: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kusan ninkin farashinsa na shekara guda kafin nan. Ƙiyasin da aka yi bara ba ya aiki bana, kuma aikin da aka bari ya kwana, kuɗinsa ƙaruwa yake.

Muna da darasi a gida. A wa'adin mulkin 2011 zuwa 2015, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ɗauko aikin titin kilomita biyar a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma fara rufe Jakara da shimfiɗa titi a kai, aikin da ake kira Wuju-Wuju. Tunani ne mai kyau. Amma wa'adi ya ƙare da yawa ba a gama ba, wasu suka yi shekaru a yashe, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta waiwaye su bayan 2023. Ba siyasa nake ba, kowa da nasa bayanin a kan dalili. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, titin da aka kankare aka bari ya fi wanda ba a taɓa ba cutarwa. Ƙura da rani, rami da damina, gidajen da aka rusa kuma sun tafi. Mita 300 da aka gama da lambatunta ta fi kilomita guda da aka buɗe aka tafi.

Akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. A matakin tarayya an saba ware naira biliyan 100 duk shekara dominsu, kuma tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin sawunsu saboda yawan waɗanda ake karɓar kuɗinsu ba a yi ba. Ɗan majalisa in ya tashi, ya fi son rabon babura da kekunan ɗinki, ko fitila mai aiki da hasken rana, don ana gani nan take, ana tafi. Lambatu ba ya jawo tafi. Mu ne za mu canza wannan. In ya zo neman ƙuri'a, a miƙa masa takardar awon injiniya da ƙiyasin kuɗi, a ce ga abin da unguwa ta zaɓa.

Wannan zaɓi na unguwa ma abu ne da wasu suka mayar da shi tsari. A birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil, tun 1989 mazauna unguwanni suke zama su jera buƙatunsu bisa fifiko kafin a rubuta kasafin kuɗin birni, kuma shimfiɗa titunan unguwannin talakawa yana cikin abin da suka fi sawa a gaba. Maƙwabciyarmu Kaduna ta gwada irin wannan, inda al'ummomi suke rubuta buƙatunsu a shigar da su kasafi. Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta. Me zai hana kowane kansila ya tara mutanensa sau ɗaya a shekara, a fitar da layuka uku da suka fi lalacewa, a jera su? A fara da layin da ke zuwa asibiti ko makaranta ko maƙabarta, ko wanda ruwansa yake rusa gidaje. Kada a fara da layin da wani babba yake zaune.

Sai karo-karo. Ni ina goyon bayansa, domin aikin gayya gadonmu ne, da shi aka gina ganuwar Kano. Malamanmu kuma sun karantar da mu ladan kawar da abin cutarwa daga hanya. Amma a san iyakarsa. Karo-karo zai iya biyan injiniya, ya yi kwalbati, ya yashe lambatu, ya shimfiɗa interlok a gajeren lungu. Ba zai iya babbar magudana ba, kuma bai kamata hukuma ta fake da shi ta nade hannu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya sa kula da hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin abin da ke wuyan shugaba. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi yarjejeniya a rubuce: unguwa ta kawo kaso kaza da ma'aikata, ƙaramar hukuma ta kawo saura da injuna. Wajen yanka kuɗin kuma a ji tsoron Allah. Mai gidan haya goma ba daidai yake da ɗan haya ba, domin ranar da titi ya gyaru shi zai ƙara kuɗin haya, darajar gidansa ce za ta tashi. A ɗauke wa gidan marayu da na zawarawa marasa ƙarfi. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku su riƙa sa hannu, a karanta lissafi a fili duk wata, a liƙa shi a jikin masallaci. A sa mata a cikin kwamitin, don su suka san ta inda ruwa yake shigowa gida. Unguwanni da yawa sun daina karo-karo ne saboda an taɓa tarawa sau ɗaya, ba a sake jin labarin kuɗin ba.

Haka ma harajin gidaje, wanda tsarin mulki ya ambata cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Na san ba a son jin sunansa, ga halin da ake ciki. Legas ma da ta ƙara nata a 2018 sai da jama'a suka yi ca, aka rage. Amma mutanenmu suna biyan 'yan sintiri duk wata, suna biyan mai kwashe shara, saboda suna ganin aikin da idonsu. In hukuma ta yarda a rubuce cewa wani kaso na abin da aka karɓa a mazaɓa zai tsaya a titunan mazaɓar, ta kuma nuna a aikace, ina da yaƙinin za a biya.

In an ba da kwangila, a kafa allo a bakin layi: sunan kamfani, tsawon titi, kaurin kwalta, jimlar kuɗi, ranar gamawa. Kuɗin kafin alƙalami kada ya fita sai da lamunin banki. A riƙe wani kaso har titin ya ga damina guda. Mutanen unguwa su sa ido, a cikinsu ba a rasa magini ko injiniya mai ritaya da zai gane in an rage rodi ko an tsinka siminti.

Abin da aka fi mantawa shi ne ranar da aka yanke ƙyalle aka watse. Wa zai toshe ramin farko? A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto a kan ƙasashe 85 masu tasowa, ya ce sun yi asarar titunan da darajarsu ta kai dala biliyan 45, alhali gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hana wannan asara. Muna da hukumar gyaran tituna ta KARMA, amma ba za ta ga kowane lungu ba. Duk kasafin da aka sa titi a ciki, a sa kuɗin kula da shi na kowace shekara a gefensa. Mu kuma namu shi ne yashe lambatu kafin ruwan farko, a watan Afrilu ko Mayu, da kwashe abin da aka yaso a ranar. In aka tara shi a gefe, ruwa ɗaya zai mayar da shi inda ya fito.

Lokaci yana da muhimmanci. Da damina ake gane hanyar ruwa, a ƙarshen shekara ake rubuta kasafi, da rani ake aiki. Unguwar da ta kai kokenta a watan Yuli, lokacin da ruwa ya riga ya shiga ɗaki, sai dai a ba ta haƙuri da buhunan yashi.

Saboda haka, ya ku masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa, ruwan da za a yi nan gaba ku fita ku bi shi da ƙafa har inda ya tsaya, ku ɗauki hoto, ku nemo injiniya ya auna, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku a rubuce kafin gwamna ya gabatar da kasafi, ku karɓi shaidar cewa an karɓa. Ku kuma shugabannin ƙananan hukumomi, muna roƙonku ku liƙa a allon sakatariya abin da ya shigo muku kowane wata da sunayen layukan da za ku gyara bana.